Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk shekara, da zarar watan Agusta ya kama, wayoyin 'yan Arewa mazauna Kurmi ba su hutawa. Daga Agege da Idi Araba a Ikko, zuwa Sabo ta Badun, da Shagamu, da Anaca, da Fatakwal, saƙon da ke zuwa daga gida iri ɗaya ne: ruwa ya shiga gida, katanga ta faɗi, hatsi ya jiƙe, a taimaka a aiko da abin da ya sawwaƙa. Nan da nan sai a shiga karo-karo a tashar mota da kara da bakin masallaci, kowa ya kawo abin da ya iya, a tura gida tare da jaje. Wannan zumunci abin yabo ne, kuma shi ya riƙe gidaje da yawa. Amma akwai maganar da ta kamata a faɗa wa kowane magidanci da ya bar iyali a Arewa ya zo neman abinci. Kuɗin da aka tura a watan Afrilu don tanadi sun fi amfani nesa ba kusa ba a kan kuɗin da aka tura a watan Satumba don jaje.

Garin Uba ya isa misali. Uba tana kan babbar hanyar da ta bi ta Mararabar Mubi ta nufi Michika da Madagali da Gwoza har Maiduguri, ba nisa da Mubi. Marghi da Fulani da Hausawa ne ke zaune a cikinta, Musulmi da Kirista, akasarinsu manoma da makiyaya da 'yan kasuwa. Tun da aka raba Jihar Arewa Maso Gabas a 1976, garin ya faɗo a kan iyaka. Yanzu wani sashe nasa yana ƙaramar hukumar Askira/Uba ta Jihar Borno, ɗaya sashen kuma yana ƙaramar hukumar Hong ta Jihar Adamawa. Wato idan masifa ta auku, maƙwabta biyu da suke jin kiran salla ɗaya, ɗaya zai jira taimako daga Maiduguri, ɗaya daga Yola, alhali kuwa biranen nan biyu duka tafiya ce ta sa'o'i, a kan hanyoyin da su ma ruwa yakan yanke.

Mazauna Kudu da yawa, in an ce ambaliya a Adamawa, tunaninsu sai ya tafi ga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru. Gaskiya ne ruwan Lagdo, tun da aka gama gininta a 1982, ya sha cinye gonaki da gidaje a Fufore da Yola da Demsa da Numan, musamman a 2012 da 2022. Amma wannan ruwan Binuwai yake bi, bai zuwa Uba. Abin tsoro a Uba da Mubi da Michika shi ne ruwan duwatsun Mandara, wanda yake gangarowa cikin kogin Yedzaram da ƙoramun da ke zuba a cikinsa. Bambancin kuwa babba ne. In za a saki ruwan madatsa, akan yi sanarwa, mutane su sami kwanaki su kwashe kaya. Ruwan dutse ba ya sallama. Ana iya kwana a yi ruwa a kan tsauni, gari ko ɗigo bai gani ba, kafin asuba rafin da yara suka yi wasa a cikin yashinsa jiya ya cika ya batse. A watan Agusta na 2024 haka ruwa ya auka wa Shuwa da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙaramar hukumar Madagali, ya raba dubban mutane da gidajensu, kuma a kan hanyar nan ɗaya suke da Uba.

Wanda yake ganin hukuma za ta iso da wuri, to, ya tuna da abin da ya faru makonni kaɗan bayan na Shuwa. Ran 10 ga watan Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri irin yadda ba a gani ba tun 1994. Babbar kasuwa ta nutse, ruwa ya shiga asibitin koyarwa, katangar gidan yari ta faɗi, namun daji suka fita daga inda ake tsare da su. Hedkwatar da mutanen Askira/Uba ke sa ran taimako daga gare ta, ita kanta neman taimako take. A ƙarshen watan Yuli na 2025 kuma ruwan dare ɗaya ya kashe mutum fiye da 20 a unguwannin Yola. Ba zargin kowa ake yi ba. Ana nuna cewa kwana uku na farko bayan masifa, kowane gida a gari irin Uba da abin hannunsa zai rayu. Motar agaji, in ta zo, daga baya take zuwa.

Tanadi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tsofaffi sun gaji labarin yunwar Kakalaba ta 1914, sun ga farin 1973 da na 1984, sun ga bushiyar da ta kashe shanu a 1983. Saboda haka magidancin da ya isa magidanci ba ya buɗe rumbun bana sai na bara ya ƙare. Rumbun kansa a kan duwatsu ake ɗora shi, nesa da ƙasa, don gudun laima da gara da ruwan da ke malala a tsakar gida. Yau rumbu ya ragu. Buhuna ake jibgewa a daɓen ɗaki, a jingine da bangon ƙasa, ta yadda ruwan da bai wuce idon sawu ba ya isa ya lalata noman shekara guda. Bugu da ƙari, matsin rayuwa ya sa ana kwashe amfanin gona da kaka a kai kasuwar Uba ko ta Mubi lokacin da ya fi arha, sa'an nan a dawo a saye shi a watan Agusta lokacin da ya fi tsada, da kuɗin da ɗa ko miji ya aiko daga Kurmi.

To, mene ne ya kamata a samu a kowane gida kafin ruwan farko ya sauka?

Na farko shi ne ruwan sha. Abin mamaki ne, amma ƙishirwa ce ke fara damun wanda ambaliya ta ci. Ruwan da ya share masai da turken dabbobi da juji, shi ne yake komawa cikin rijiya. Daga nan amai da gudawa ke tashi, kuma mutanen yankin ba su manta da annobar kwalara da ta kwantar da ɗaruruwan mutane a Mubi a watan Mayu na 2018 ba. Mutum yana bukatar kamar lita 3 ta sha a yini. Gida mai mutum goma ke nan yana bukatar lita 90 a kwana uku, wato jarka huɗu masu cin lita 25, a cika, a rufe, a ɗora a kan wani abu, a riƙa sauya ruwan lokaci-lokaci. Bayan ruwa ya janye, kada a sha na rijiya sai an tafasa ko an sa maganin tsabtace ruwa da ake sayarwa a kantin magani. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ruwa ya yi garai-garai, amma ba ya kashe ƙwayar cuta. A ɗaga bakin rijiya da siminti, a yi mata murfi.

Na biyu abinci, kuma iri biyu ne. Akwai na ajiya, dawa ko masara ko gero. Gida mai mutum goma yana cin kimanin kilo 4 zuwa 5 na hatsi a rana, saboda haka buhu mai kilo 100 zai kai su mako uku. Ko buhu ɗaya ne a ware shi, a ce wannan na damina ne, ba na biki ba, ba na bashi ba. A ɗora shi a kan katako ko benci, a janye shi daga bango. Wake kuwa a zuba shi a buhun nan mai ninki uku da ke hana iska shiga, ba sai an sa masa guba ba. Sa'an nan akwai abincin da ba ya bukatar wuta, domin ranar da ruwa ya shiga gida itace a jiƙe yake, murhu a nutse. Garin rogo, ƙuli-ƙuli, daƙuwa, soyayyar gyaɗa, dabino, sukari, su ne za su riƙe yara kafin a sami inda za a ɗora tukunya. A haɗa da gishiri da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da ɗan mai, da ashana a ƙulle cikin leda, da gawayi ko da rabin buhu ne a rataye sama.

Na uku magani. Abin da ya fi muhimmanci shi ne gishirin rayuwa da ƙwayar zinc ta yara, don gudawa tana iya ƙarar da yaro a yini guda. In babu na ƙunshi, a sami lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo, a riƙa ba mara lafiya kaɗan-kaɗan ana kan hanyar asibiti. A tanadi sabulu da bandeji da maganin zazzaɓi da gidan sauro. Tsohon da ke shan maganin hawan jini ko na ciwon sukari, a tabbata yana da na wata guda a hannu kullum cikin damina. Mai ciki da watanta ya tsaya, a haɗa mata kayan haihuwa tun da wuri, in da hali a kai ta wajen dangi kusa da asibiti. Kazalika ruwa yana koro macizai daga ramukansu su shiga ɗakuna da tarin itace. Wanda kububuwa ta sara, asibiti za a kai shi nan take, ba tsaga ba, ba ɗaure da igiya ba. Tocila mai kyau da batur, ko fitila mai cajin rana, tana hana irin wannan tun farko.

Na huɗu takardu, kuma a nan ne mazaunin Kudu yake da aikin da ba wanda zai yi masa. A ƙarshen watan Oktoba na 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka shiga Uba da Mubi, jama'a sun fita da ƙafa, wasu ta kan duwatsu zuwa Kamaru, wasu zuwa Yola, da kayan jikinsu kaɗai. Wannan masifar mutum ce ba ta ruwa ba, amma darasin ɗaya ne. Hatsi ana noma wani, ɗaki ana gina wani, amma takardar shaidar gama makaranta da takardar fili da ta haihuwa, in sun salwanta, shekaru akan yi ana zirga-zirga a ofisoshi. A tattara su duka, da katin ɗan ƙasa da katin rigakafin yara da na asibiti, a naɗe cikin leda biyu, a sa a jaka ɗaya da kowa a gidan ya san inda take rataye. Kafin a naɗe, a ɗauki hoton kowace da waya a tura wa ɗan'uwan da ke Ikko ko Badun ya ajiye. Ruwan Yedzaram ba zai kai can ba. A kuma rubuta lambobin wayar dangi a takarda a sa cikin jakar, don wayar da ta faɗa ruwa da lambobinta take tafiya.

Na biyar kuɗi a hannu da hanyar jin labari. Ƙarancin takardun naira da aka sha a farkon 2023 ya koya wa kowa cewa kuɗin da ke banki ba kuɗi ba ne ranar da na'ura ta ƙi aiki. In hanya ta yanke, sabis ya ɗauke, mai POS ya rufe, duk abin da aka turo daga Kurmi a iska zai tsaya. A ajiye kuɗin mota da na magani, ƙananan takardu, a cikin jakar nan. A sami ƙaramar rediyo mai batur da abin cajin waya na rana. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar lura da koguna, NIHSA, ita ma tana bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari kafin ruwa ya kankama. Mazaunin birni yakan riga na ƙauye jin waɗannan. In ya ji sunan Hong ko Askira/Uba ko Mubi, ya ɗaga waya a ranar.

Na shida bai cin ko kwabo, amma ya fi sauran wuya, wato shawara. Gidan da maigida yake Kudu, mata da yara da tsofaffi ne a ciki. Wa zai goya tsohuwa? Wa zai riƙe ƙananan yara? Wa zai kwance awaki da shanun huɗa daga turke, tunda dabbar da ke ɗaure ba ta da hanyar tsira? Wane tudu ko wace makaranta za a nufa, ta wace hanya, kuma ina za a haɗu in an rabu cikin duhu? Dole a yanke wannan tun rani. Dole kuma maigida ya buɗe baki ya gaya wa iyalinsa cewa in ruwa ya taso su fita, kada su tsaya neman izninsa a waya da tsakar dare. Ya naɗa wakili, ƙane ko maƙwabci amintacce, ya gaya wa mai unguwa. A ja kunnen samari su daina gwada ƙarfi da rafi. Ruwa mai gudu ko bai kai gwiwa ba yana kayar da ƙato, kuma babur da mota ba su fi mutum wayo a cikinsa ba. Wanda ya dawo daga gona ko kasuwa ya tarar da rafi ya kawo, ya kwana a ƙetare.

Shi kansa gidan yana da nasa hakki. Watan Maris da Afrilu ne lokacin yaɓe, da gyaran indararo, da yashe lambatu, da ƙara ƙusa a rufin kwano kafin guguwar farkon damina ta yaye shi. Yawancin waɗanda gini ke dannewa, bangon ƙasa ne da ya sha ruwa kwana da kwanaki ya faɗo musu suna barci. Ɗakin da bangonsa ya tsage ko gindinsa ya zaizaye, kada a kwana a ciki daren da ake ruwa. Wanda kuma yake tara kuɗi a Kudu don ya yi gini a gida, kada arhar fili ta ruɗe shi ya saya a bakin rafi ko cikin fadama. Ruwa ba ya manta hanyarsa ko ya shekara ashirin bai bi ta ba.

Za a ce talauci ya yi yawa, wanda bai ƙoshi yau ba ina ya ga na ajiyar gobe. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kayan masarufi da kuɗin mota suka tashi. Amma ba a ce a sayi kome rana ɗaya ba. Buhu a saya da kaka yana arha. Jarka wannan wata, tocila wata mai zuwa, magani na bayansa. In an lissafa duka, bai kai abin da akan kashe a ɗinkin salla ko gudummawar biki ɗaya ba. Wasu kuma za su ce abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Haka ne. Amma Musulmi da Kirista na Uba duka sun san tarihin Annabi Yusufu, wanda ya tara hatsin shekarun ƙoshi ya ciyar da ƙasa a shekarun yunwa, ba kuwa wanda ya ce ya rasa tawakkali.

Ƙungiyoyin 'yan gari da na 'yan kara da na direbobi, da fadojin sarakunan Hausawa a biranen Kudu, suna da rawar takawa. Yadda ake adashi don aure da jari, haka za a iya buɗe asusun damina, a fara zubi da kaka, a kwashe a watan Maris. Motocin da ke kawo shanu daga Mubi ba a wofi suke komawa ba. Jarkoki da fitilu da gidajen sauro da aka saya a sari za su iya bin su a raba wa gidaje, a fara da na gwauraye da marayu da waɗanda ba su da kowa a waje. Sai dai a yi da wuri, don a 2012 da 2022 ruwa ya yanke hanya a Lokoja, manyan motoci suka yi kwanaki a jere, ba gaba ba baya.

Hukuma ma ba za ta fake da wannan ta kwanta ba. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu, ta 2022 ta kashe fiye da 600. Bayan irin wannan asara, bai kamata a ce har yanzu shinkafa da tabarma bayan ɓarna ne kaɗai aikin hukumar agaji ba. Ya dace ƙananan hukumomin Hong da Askira/Uba su kafa kwamiti ɗaya na garin Uba, tare da masarauta da limamai da shugabannin majami'u, domin ruwa bai san iyakar jiha ba. Ya dace hukumar NEMA da takwarorinta na jihohin biyu su ajiye kayan agaji kusa, tun kafin hanyoyi su lalace. Ya dace a riƙa yin gargaɗi da Marghi da Fulatanci da Hausa, ta rediyo da bakin sanƙira, a kuma sami masu lura da kogi a garuruwan sama da za su buga waya ƙasa da zarar ruwa ya taso. A hana yanka filaye a kan hanyar ruwa, ko wane ne mai sayarwa.

Daga ƙarshe, mai gyaran gidan Arewa kada ya manta da ɗakin da yake kwana a Kudu. Baƙo ne aka fi barin wa bakin kwata da gefen rafi da ƙarƙashin gada, saboda nan ne haya ke da sauƙi. Mutanen Badun ba su manta da ruwan Ogunpa na ran 31 ga Agusta, 1980 ba, balle na ran 26 ga Agusta, 2011, wanda ya kashe fiye da mutum 100. Jakar takardu da tocila da ɗan kuɗin hannu da sanin tudun da za a nufa sun wajaba a kan mai shago a Agege kamar yadda suka wajaba a kan mahaifiyarsa a Uba. In shi ya nutse, gida biyu ne suka nutse.

Damina tana tafe kamar yadda ta saba, ba ta kuwa jiran a gama shiri. Duk wanda zai aika da saƙo gida a wannan wata, ya ware wani abu ya ce na tanadi ne, ya faɗi abin da za a saya da shi, bayan mako guda ya sake bugawa ya tambaya ko an saya. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyashe da jama'a daga sharrinta, amin.